Kwana goma sha biyu a wani gida a Aboabo, Kumasi

Mun tashi daga Kano ranar Litinin da la'asar, ni da ƙanena, a doguwar motar Legas da ke lodi a Sabon Gari. Kumasi ta ƙasar Gana muka nufa, gidan wani dattijo mai fataucin goro wanda marigayi mahaifinmu ya yi shekaru yana karɓar kayansa a kasuwar Mariri. An yi masa jika ranar Lahadi, ya aiko cewa lallai a zo suna, kuma kada a kuskura a kama ɗaki a otal. Ni sana'ata dafa abincin biki ce, don haka tun kafin mu tashi na ƙudurta cewa rabin zamana a gindin murhu zan yi shi.

Mai niyyar sauka a gidan mutane a can ya shirya tsarabarsa tun daga gida. Goro dai kada ya ɗauka, daga wajensu yake zuwa mana. Abin da na ga ya faranta musu rai shi ne kilishi, turaren wuta da humra, hula ga maigida, shadda, garin kuka da busasshiyar kuɓewa irin tamu. A rarraba su cikin jakunkuna, kada a tara abu ɗaya da yawa a wuri guda, domin a kan iyaka da an ga kaya sun yi kama da na sayarwa magana ta canza.

Kano zuwa Legas kwana ne a zaune, babu abin faɗa. Muka huta a Agege, Laraba bayan asuba muka shiga ƙaramar mota a Mile 2. Tsakanin Legas da Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, bai kai kilomita 500 ba, amma yini guda yake ci saboda iyaka uku ce: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao wadda take manne da birnin Lome. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza. Fasfo ake nema da katin allurar rigakafin shawara, kuma katin nan ana tambayarsa da gaske. Hatimi shida za a buga maka kafin ka taka ƙasar Gana, na fita da na shiga a kowace iyaka. Ka tsaya ka ƙirga su da idonka kafin mota ta tashi, domin hatimin da aka tsallake a tafiya shi ke zama rigima a dawowa. Kada ka miƙa fasfonka ga masu tarar fasinja suna cewa za su taimaka. Ko ka riƙe abinka ka bi layi, ko ka ba direban da ka shigo motarsa. Shingaye suna da yawa, a wasunsu ana neman na goro, kuma mai sabon fasfo da ba a taɓa bugawa ba ya fi shan tambaya. Ƙananan kuɗi a aljihu na dabam sun fi amfani a nan, kada a ga kana zaro damin kuɗi. Canji kuma kaɗan-kaɗan: sefa daidai ta ruwa da abinci a Kwatano da Lome, sidi daidai kuɗin motar Akra, sauran a bari sai an shiga gari. Da an shiga Togo a mayar da agogo baya da awa ɗaya, in ba haka ba lissafin lokacin salla ya rikice.

Kusa da gadar kogin Volta a Sogakope aka sauke mu duka, muka wuce a ƙafa kowa da takardarsa a hannu. Mun isa Akra bayan isha, muka kwana a Nima, inda tun daga mai shayi har mai kemis Hausa suka yi mana. Alhamis da safe muka hau babbar mota a Circle. Kilomita wajen 250 ne zuwa Kumasi, ta Nsawam da Nkawkaw da Konongo, amma sai da muka yi awa shida saboda manyan motoci da aikin hanya. A tafi da mayafi mai kauri, sanyin na'urar motocin nan ba na wasa ba ne. Daga tashar Asafo muka ɗauki a-daidaita-sahu, wadda suke kira faragiya, zuwa Aboabo.

Abin da aka fara yi mana ruwa ne. Ba a tambaye mu komai ba sai da aka zaunar da mu aka miƙo wa kowa kofi, muka sha. Sannan Alhaji ya gyara zama ya ce mu faɗi abin da ke tafe da mu, alhali shi ya kira mu. Wannan al'adar Tonawa ce, wato mutanen Asante, ta shiga gidajen Zango, wato unguwannin baƙi Musulmi irin Aboabo: baƙo ya sha ruwa, ya bayyana dalilin zuwansa, maigida shi ma ya ba shi labarin yadda gida yake. Ko ba ka jin ƙishi ka kurɓa, ƙin karɓa ba ya yi musu daɗi. In ka tarar da mutane a jere za ka gaisa da su, daga na hannun damanka ake farawa a bi zuwa hagu, ba a tsallake kowa don a je ga babba. Hannun hagu kuwa sun fi mu tsanani a kansa. Ba a miƙa kuɗi da shi, ba a nuna hanya da shi, in dole ta sa hannun dama ya ɓaci sai ka ba da haƙuri kafin ka miƙa.

Gidan irin na haya ne mai ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya da aka shafe da siminti. Alhaji ne mai shi, iyalinsa na riƙe da ɗakuna biyar, sauran akwai Dagomba, da Mosi, da wata tsohuwa Bazabarma, da wani tela Bakotokole. Duk Hausa suke yi da juna, yara kuma su juya zuwa Tonanci da sun fita ƙofar gida. A Kumasi in an ce mutum ɗan Zango ne ba lallai Bahaushe ba ne. Hausa ce dai harshen unguwa, tun zamanin da fatake ke bin hanyar Gwanja suna kai kanwa da fata da tufafi suna ɗauko goro. Hausar tasu sai kunne ya saba. Ba su cika rarrabe mace da namiji ba, za ka ji yarinya ta ce "Hajiya ya tafi kasuwa, yana zuwa." Kyau kuma "cau" suke cewa, ƙ da ɗ da ts duk sun sassauta. Kwana biyu ya ishe ka ka daina jin baƙuntarta. Abin da zan roƙi duk mai zuwa shi ne kada ya yi musu gyara ko dariya. Mutanen da suka riƙe harshen nan shekara fiye da ɗari a tsakiyar wani harshe mai ƙarfi kamar Tonanci sun cancanci a yaba musu.

Gida mai mutane da yawa yana da doka, kuma baƙo na cikinta. Shara da wankin makewayi bi da bi ake yi tsakanin ɗakuna, an rubuta a jikin bango. Wanka sau biyu ne, safe da dare, babu fashi, saboda gumin ƙasar mai danshi ne, ba irin zafinmu mai busar da jiki ba. Makewayi biyu ne ga gidan duka, don haka wanda bai shiga kafin asuba ba sai ya jira 'yan makaranta su gama. An ba ni bokitina, da dogon soson raga, da sabulun salo, wanda muke saye a Kano da sunan sabulun Gana. Gidan sauro ma dole ne. Ba a yin kulle yadda muka sani. Kusan kowace mace a gidan tana da abin sayarwa, kuma ita ke zuwa kasuwa da kanta. Batun kuɗin abinci kuwa, kada ka zaro kuɗi ka ba uwargida, za ta ji kamar ka mai da gidanta otal. Abin da ƙanena ya yi, bisa shawarar ɗan gidan, shi ne a rana ta uku ya sayo buhun shinkafa ƙarami da galan ɗin mai, ya kuma saka musu kuɗin wuta a mita. An karɓa da addu'a.

Wani abu da ke rikita baƙo a kasuwa: a 2007 Gana ta yanke sifili huɗu daga kuɗinta, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1. Har yau manya da tsohon lissafi suke magana. In tsohuwa ta ce miki miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi. A tambaya a tabbatar kafin a yi ciniki.

Karin kumallo koko ne da ƙosai, kuma ko a bakin Tonawa sunansa kokon Hausa. Surukar Alhaji ta biyu ita ke sayar da shi a ƙofar gida, na kuwa bi aikin daga farko. Gero tiya ɗaya take jiƙawa ya kwana, ta wanke, ta zuba citta ɗanya mai yawa, kanumfari, masoro, kimba da busasshen barkono, a kai inji. Ta tace da kyalle mai laushi, ta bar shi ya kwanta tun hantsi har dare. Inda suka bambanta da yawancinmu shi ne ruwan tsamin da ya taso a sama ba a zubar da shi. Shi ake tsiyayewa a tafasa, a dama gasarar da ruwan sanyi kaɗan, sannan a sheƙa tafasasshen a kai ana juyawa. In ruwan bai tafasa sosai ba kokon ya tsinke, ya yi ɗanye. In gasarar ta wuce kwana biyu tsamin ya yi yawa har ya ɗaure haƙori. Yajinsa ya ninka namu, har maƙogwaro yake kamawa, shi ya sa suke zuba sukari da madara da soyayyiyar gyaɗa.

Abincin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wanda suke rubutawa waakye, a furta shi "wace". Kalmar waken nan namu ce, daga shinkafa da wake, amma wanda ya tafi da tunanin garau-garau da mai da yaji zai ga abin da bai zata ba. Sirrin launinsa karan dafi ne, wanda mu a Kano muka fi sani wajen rina fata da jiƙon ƙarin jini. Ga yadda Hajiya, uwargidan Alhaji, ta yi na gida, na mutum goma: wake kofi 3, shinkafa kofi 6, ganyen karan dafi kamar 10, kanwa ɗan gutsure da bai kai ƙwayar dabino ba. Ta wanke ganyen sosai don yana riƙe ƙasa, ta sa shi a tukunya tare da wake da jiƙaƙƙiyar kanwa. Kanwar ce ke fizgo launin, cikin minti goma ruwan ya koma ja mai duhu. Sai waken ya kusa nuna, yana murƙushewa a yatsa amma bai fashe ba, sannan ta tsame ganyen, ta zuba shinkafa da gishiri. Ruwa ya ɗara shinkafar da gaɓar yatsa ɗaya kawai. Da ya tsotse sai ta rage gawayi, ta rufe bakin tukunyar da kyau, turiri ya ƙarasa, tana juyawa sau biyu daga ƙasa.

Na tambaye ta inda ake kuskure. Ta ce, "'Yata, uku ne. Kanwa ya yi yawa, abinci ya caɓe ya yi ɗaci. An sa shinkafa da wuri, wake ya zauna da ƙarfi. An bar ganye a ciki, ya farfashe, mai ci yana tofarwa." Na ƙara na huɗu daga abin da na gani: shinkafa mai ƙamshi 'yar waje ba ta jure wannan dahuwar, mai ƙarfin ƙwaya ake so.

Wace ba ya tafiya shi kaɗai. A kan faranti ɗaya ana ɗora taliya, garin kwaki da aka murza da man miya, dafaffen ƙwai, ganda, soyayyen kifi ko nama, ɗan ganye, miyar tumatir, sai shito. Masu sayarwa a bakin titi a faffaɗan ɗanyen ganye suke naɗe shi, zafin abincin ya fito da ƙamshin ganyen. Da safe ake cinsa, kafin azahar tukwanen masu suna sun ƙare. Ciniki kuma ba na faranti ba ne, kowane abu da kuɗinsa: ka ce a sa maka wace na kaza, taliya na kaza, ƙwai ɗaya. Wanda na saya da ƙwai da ganda bai wuce sidi 30 ba.

Shito shi ne baƙin yajin da babu gidan da ba shi. Ranar Juma'a aka yi na suna, na zauna a kansa daga farko har ƙarshe. Man gyaɗa lita 2, albasa manya 10 da aka markaɗa, citta da tafarnuwa cike da kofi, tumatirin gwangwani babba ɗaya, garin busasshen barkono kofi 2, garin busasshen ƙaramin kifin teku da suke kira amane kofi 3, garin jatan lande kofi 2. Albasa ake fara soyawa har ruwanta ya ƙone, sannan citta da tafarnuwa, sannan tumatir, a yi ta juyawa har mai ya rabu. Garin kifi da barkono su ne na ƙarshe, kuma daga nan wuta ƙasa-ƙasa, muciya ba ta tsayawa. Awa biyu muka yi. Baƙinsa daga doguwar suya yake zuwa, ba daga ƙuna ba, kuma tazarar da ke tsakanin biyun kaɗan ce: minti biyar aka bar shi ya kama gindi, duk tukunyar ta yi ɗaci, ba ta gyaruwa. Alamar ya yi ita ce kumfa ta daina tashi, wato ruwa ya ƙare. A bar shi ya huce, a ɗura a busasshiyar kwalba, mai ya rufe samansa. Haka zai yi watanni. Cokali mai ruwa sau ɗaya ya isa ya sa shi fumfuna.

Tuwo ma da sunansa na Hausa suke kiransa, tuwon zafi, amma ya fi namu laushi nesa ba kusa ba. Ana yin talge da garin masara, a ɗebi kashi ɗaya cikin uku a ajiye gefe. A haɗa garin masara da garin rogo, biyu da ɗaya, a zuba a sauran ana tuƙawa, duk lokacin da ya yi tauri a ƙara daga talgen da aka ajiye maimakon ruwa. Garin rogon ne ke ba shi danƙo da santsi. Miyarsa ayoyo ce, ɗan'uwan lalo, da kanwa kaɗan da daddawa da garin kifi, a burge ta, kuma ba a rufe tukunyar don kada yauƙin ya mutu, launin ya dushe. A kwano ɗaya ake zuba koriyar miyar da jar miyar nama a kan tuwon. Na yi musu miyar kuka da wadda na kawo, da man shanu, Alhaji ya ce rabonsa da irinta tun rasuwar mahaifiyarsa.

A kwanakin farko ni kaɗai ake kai wa abinci ɗaki, a rufe, da ruwan wanke hannu da sabulu. Girmamawa ce, ba wariya ba. Sai da na roƙa aka bar ni na riƙa ci da matan gida a tsakar gida. Duk wanda ya wuce kana ci sai ka yi masa bisimilla, ko yaro ne, ko a cikin mota ne.

Sunan ranar Lahadi bai yi nisa da namu ba. Bayan asuba malamai suka taru, aka raba goro, aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka yanka rago, wanzami ya yi aski. Da rana aka kafa rumfuna a kan titi, aka jera kujerun roba, mata suka fito da anko. Abin da ya bambanta shi ne rubutu: an ajiye yarinya da littafi, duk wadda ta kawo sabulu ko atamfa ko kuɗi a rubuta sunanta da abin da ta kawo, domin ranar nata bikin da littafin za a duba a mayar. Abin sha kuwa duk sanannu ne da sunaye da suka ɗan karkace: zoɓo ya zama sobolo, lamurje yana nan, fura tana nan, ga kuma burkina, wato dambun gero a cikin nono mai sanyi. An soya masa da funkaso, an gasa tsire, wanda suke kira cicinga.

Fufu sai ranar Talata aka daka, domin a gidajen Zango ba kullum ake yinsa ba kamar gidajen Tonawa, inda za ka ji ana cewa wanda bai ci fufu ba bai ci abinci ba ranar. Kada a ɗauka sakwara ce. Rogo ne da ɗanyen agade, wato babbar ayabar nan ta suya, kamar biyu da ɗaya. A dafa su tare, rogo a ƙasa, a tsiyaye ruwan tas, a bar su su sha iska. Turminsu gajere ne mai faɗi, taɓaryar ta fi mutum tsawo, bakinta a baje kamar burushi. Mutum biyu ke aikin: saurayi a tsaye yana daka, mace a zaune tana juya curin da jiƙaƙƙen hannu tsakanin saukar taɓarya da tashinta, tana zare jijiyar rogon. Agade ake fara dakawa a kwashe, sannan rogo, sannan a haɗa. Baƙuwa kada ta sa hannu a turmin nan don nuna ƙwazo, sai wadda ta tashi da shi. Rogon da ya kwana uku da haƙa ba ya yi, yana baƙin jijiya. Wanda ya dahu ya sha ruwa fufunsa ya saki. Ruwan da ake shafawa in ya yi yawa tun farko, gudaji ba sa mutuwa. Yanzu akwai injin da ake kai wa a unguwa, amma Alhaji ba ya cin na inji.

Miyarsa ba a soya ta. Naman akuya ake ɗorawa da albasa da citta, a jefa tumatir da gauta da attaruhu ɗungum a ciki, in sun yi laushi a tsame a niƙa a kaskon nan mai zane a ciki da suke kira asanka, a tace a mayar. Ruwa-ruwa take, a malala ta a kan fufun har ya nutse. A yanko da yatsu, a haɗiye ba tare da tauna ba. Wanda ya tauna zai ji kamar danƙo ne a bakinsa. Mai shiga gidan abinci a cikin gari kuma ya tambayi naman da ke cikin miya kafin a zuba. Akan haɗa nama iri-iri a tukunya ɗaya, da dodon koɗi da ƙaguwa da naman daji, wani wurin har da alade. A cikin Zango babu wannan damuwar. Dokunu da banku, waɗanda ake yi da ƙullun masara mai tsami, a fara da kaɗan, cikin da bai saba ba yakan yi ƙugi kwana ɗaya ko biyu.

Asabar ta biyu aka yi makokin wata tsohuwa Batoniya a bayan layinmu, wadda ta rasu wata biyu da suka wuce, gawar tana ajiye a asibiti har dangi su taru. Ga wanda ya saba a yi wanka a yi salla a binne kafin la'asar, abin yana da nauyi a zuciya. An toshe titi da rumfuna, dangi na jiki sun sa ja da baƙi, ga kiɗa, ga hotonta a manyan alluna. Hajiya ta ɗauke ni muka je gaisuwa, domin marigayiyar ta yi shekara talatin tana sayen kokon gidan. Muka bi layin masu makoki daga dama, muka ba da gudummawa a teburin da aka tanada, aka rubuta, aka ba mu rasit, aka kuma faɗi sunan gidan Alhaji a lasifika. Ba mu zauna wajen kiɗan ba, kuma babu wanda ya ga laifinmu. A hanyar dawowa take gaya mini cewa a gargajiyar Tonawa dangin uwa ne ke gado, ɗan 'yar'uwa ya gaji kawunsa. Sunayensu na rana kuwa kamar namu ne: Kofi shi ne Ɗanjuma, Kwame Ɗan'asabe, Kwasi Ɗanladi.

Washegari aka yi sa'a ranar Akwasidae ce, bikin da ake yi duk bayan kwana 42, kullum ranar Lahadi, a fadar Manhyia, wadda ake furtawa Manshiya. Daga Aboabo ba nisa. Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda ke kan gadon tun 1999, ya fito ƙarƙashin manyan laimomi, da zinariya a hannu da wuya, ana busa ƙaho ana kaɗa tambura. Sarakunansa suna zuwa gaisuwa suna zame takalmi, suna sauke mayafi daga kafaɗa. Ba a yi masa magana kai tsaye, sai ta bakin mai riƙe da sanda. A cikin masu gaisuwar har da manyan Zango da rawunansu da manyan riguna, kuma fadar tana da limaminta na Musulmi tun da daɗewa. Tsohon ginin da ke gefe, wanda Turawan Ingila suka gina a 1925 domin Sarki Prempeh na Ɗaya bayan dawowarsa daga gudun hijirar da suka tura shi tsibirin Seshel, yanzu gidan tarihi ne. A je da wuri, a sa tufafi masu haske, a nemi izini kafin a ɗaga waya.

Litinin na shiga kasuwar Kejetia da surukar gidan, wadda ba don ita ba da ban fita ba, na sayi amane da jatan lande da asanka biyu da sabulu. Talata da asuba aka raka mu tasha. Hajiya ta ba ni shito kwalba uku, ta nuna mini yadda ake ɗaure shi don hanya: leda a bakin kwalba kafin murfi, a naɗe da salatif, a sa a leda biyu, a tsayar da shi a cikin bokiti, ba a cikin jakar tufafi ba. Alhaji ya sa aka ɗora mana ƙaramin huhun goro, ya ce a yayyafa wa ganyen ruwa a Legas, kada a bar shi kusa da injin mota. Asanka ɗaya ta fashe a hanyar Badagiri, ɗayar ta iso.

Mako guda da dawowa na sayi karan dafi a kasuwar Rimi na gwada wace da farin wakenmu. Ya fi nasu saurin nuna, don haka a karo na biyu na rage kanwar da rabi, na kuma zuba shinkafar da wuri kaɗan. Launin ya fito daidai. Na ɗauki hotonsa na aika wa Hajiya, ta turo saƙon murya tana tambaya ina taliya da garin kwaki.